Shirin aure a Tawa alhali kana koyarwa a jami'ar waje

Wata Asabar ta watan Maris na 2022, da ƙarfe takwas na safe, aka ɗaura mini aure a ƙofar gidan surukaina da ke unguwar Bilbis a Tawa, a ƙasar Nijar. Ni kuwa ina ɗakina a Faransa, takardun ɗalibai jibge a kan tebur. Ƙanena ne ya riƙe waya kusa da liman. Na ji Baffa ya nema mini, na ji waliyyin yarinya ya bayar, na ji an faɗi sadaki, maroƙi ya ɗaga murya, na shafa fatiha ni kaɗai. Biki da tarewa sai ƙarshen Yuli, bayan babbar Sallah. Tun daga nan ƙannenmu da ke koyarwa a ƙasashen waje suke ta tambayata yadda na yi, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Ka fara kwantar da hankalinka a kan abu ɗaya: nisa bai taɓa hana Ba'adare, wato mutumin Adar yankinmu na Tawa, arme ba, kamar yadda muke ce wa aure a gida. Iyayenmu da suka tafi biɗa, wato neman kuɗi, Abijan da Libiya haka aka ɗaura wa da yawansu, da wakili. Addini ya yarda, muddin ga waliyyi, ga shaidu biyu, ga sadaki, ga siga. Abin da ya bambanta ka da ɗan biɗa shi ne shi yana iya rufe shagonsa ya taho gida wata uku, kai kuwa aji na jiranka ranar Litinin.

Saboda haka kafin a yi maganar kuɗi, a yi maganar rana. Kalanda uku za ka shimfiɗa a gabanka: ta jami'a, ta Musulunci, da ta damina. A Faransa ana komawa karatu a Satumba, a yi hutun kusan mako biyu a ƙarshen Disamba, jarrabawa a Janairu da Mayu, sannan a Yuni ga jarrabawar waɗanda suka faɗi, ga ɗalibai masu kare kundinsu. Malami irina ana binsa awa 192 na koyarwa a shekara, ba a yafe ko ɗaya, sai dai a matsa su gaba ko baya. Ƙofa biyu ke nan gare ka, Disamba ko babban hutu na Yuli da Agusta. Disamba ta fi daɗi a Tawa: an gama kaka, rumbu cike, ga sanyi, 'yan biɗa da yawa sun dawo. Illarta gajarta, kuma tikitin jirgi kan yi tsada. Babban hutu yana da tsawo, amma tsakiyar damina ce. Dangin ƙauye suna gona, wanda ya zo ma da la'asar zai ce zai koma, kuma hadari kan taso ya kwashe rumfa a cikin minti biyar. In ka zaɓi damina, a sami gida mai babban zaure ko ɗakin taro da za a gudu ciki, kada a dogara da tanti kaɗai.

Kalandar Musulunci kuwa kowace shekara tana ja baya da kimanin kwana 11, don haka kada ka kwafi lissafin wanda ya yi aure shekara uku da suka wuce. A shekarar tawa azumi ya kama a farkon Afrilu, manya kuma suka ce su dai a ɗaura kafin azumi, kamar yadda aka saba a Sha'aban. Ni a Maris ko kwana uku ba ni iya ɗagawa. Nan ne Baffa ya kawo shawarar raba abin biyu, a ɗaura yanzu, biki ya jira hutu. Da farko raina bai so ba, don ina son in zauna a tabarmar nan da jikina. Har yau in na tuna ina jin wani abu. Amma ɗaurin nan da aka yi da wuri ya kashe surutu, ya ba iyayenta natsuwa, ya kuma ba mu wata huɗu na fara neman takardu. In ka rasa yadda za ka haɗa kalandun nan uku, wannan ita ce hanyar da zan nuna maka.

Shugaban sashenku ka gaya masa tun farkon zango, ba sai abu ya matso ba. Ka nemi abokin aikin da za ku yi musayar awowi, ka fara biyansa kafin ya biya ka. Kuma ka gama gyaran takardun jarrabawa, ka miƙa maki, kafin ka hau jirgi. Kada ka ce za ka ƙarasa a gida. A gidan biki ba wurin da za ka buɗe kwamfuta, wuta na ɗaukewa, kuma duk wanda ya shigo gaishe ka ya tarar kana kallon allo zai tafi da abin a ransa.

Yanzu ga inda na fi son ka saurare ni. Ka zaɓi mutum ɗaya a gida, shi kaɗai za ka riƙa aika wa kuɗin biki, kuma ya riƙe littafi. Ni wata na farko ban yi haka ba. Inna ta kira na aika mata, Gwaggo ta kira na aika, abokin ango ya ce a kama kujeru na aika, ƙanena ya ce mai fenti na jira na aika. Ba wanda ya ci mini ko dala, dukansu don Allah suke yi. Amma da muka zauna lissafi sai ga kafin alƙalami an ba masu kujeru biyu daban-daban, buhun shinkafa kuwa kowa ya ɗauka wani ya saya. Daga nan na kira Yaya, babbar 'yar gidanmu, na ce, "Yaya, don girman Allah ki riƙe mini wannan abin, duk mai magana ya zo wurinki." Ta sayi littafi irin na 'yan makaranta, shafi ɗaya abin da ya shigo, ɗaya abin da ya fita, kowace Juma'a ta ɗauki hotonsa ta turo mini ta WhatsApp. Daga ranar na fara barci.

Wanda za ka zaɓa ba lallai ya zama wanda ya fi ka kusa a zuciya ba. Ka duba wanda zai iya ce wa Gwaggo a'a ba tare da an yi faɗa ba, wanda kuma in ya ce maka abu kaza ya yi tsada ka yarda ba sai ka bincika ba. Sannan ka sanar da sauran da bakinka, cikin ladabi, don kada su ga kamar an ture su. Inna na kira ta daban, na ce, "Inna, ke za ki faɗi abin da za a yi, Yaya hannu ce kawai." Maganar manya kuwa, sa rana da sadaki da goro da dabino, ta Baffa ce. Kada ka kira surukinka kai tsaye kana ciniki, ko da kana da lambarsa, ko da ya saba kiranka. Ka kira ka gaishe shi, ka tsaya nan.

In ka ba mutum amana, ka sakar masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai da ka shekara shida ba ka sayi tiyar gero ba, ba kai za ka koya wa Yaya farashin kasuwar Tawa ba. Na ga abokai sun buɗe zauren WhatsApp na mutum talatin don shirin biki, kowa na jefa tasa, ango yana fitowa daga aji ya tarar da saƙon murya arba'in. Ka yanka lokaci ɗaya a mako na waya da gida. Wajen agogo Faransa ba ta da wahala: daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinmu ɗaya da Nijar, sauran shekara suna gabanmu da awa guda.

Lissafin kuɗin kansa mai sauƙi ne, tunda sefa ɗaure take da yuro: yuro ɗaya kusan sefa 656, wato yuro 100 jika 65 (sefa dubu 65) da 'yan kai. Wahalar tana wajen abin da mutane ke zato. A gida in an ji albashinka an juya shi sefa, sai a ga kamar kai attajiri ne, ba wanda ya san kuɗin haya da haraji da na jirgin ƙasa sun cinye mafi yawa. Ni na zaunar da Inna a waya na karanta mata duka, abin da ke shigowa da abin da ke fita. Ta yi shiru, ta ce, "Ashe haka kake zaune." Daga nan ita da kanta ta riƙa rage abubuwa. Ka faɗi iyakar abin da za ka iya tun farko, ka ɓoye kashi ɗaya cikin biyar don makon ƙarshe, domin aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Bashin banki kuwa don biki, ina roƙonka kada ka ci. Akwai tikitinta, akwai gida mafi girma da za ka kama, duk suna gaba.

Lefe, ko lehe a bakinmu, ka raba shi biyu. Takalma, jaka, turare, agogo, ka saye su can lokacin karya farashi na Janairu ko na ƙarshen Yuni, bayan ka tambayi lambar ƙafarta ta hannun ƙawarta ko ƙanwarka. Atamfa da leshi da shadda kuwa ka bar wa mata su zaɓa a Babbar Kasuwar Yamai ko a Tawa. Shadda Getzner a Ostiriya ake yinta, amma Yaya ta fi ni sanin ta gaske da jabu, ta kuma san launin da ake yayi. Yawancin jirage jaka biyu masu kilo 23 suke ba ka, ga tsarabar dangi, ka lissafa.

Akwai abin da ya kamata ya riga duk wannan, tun kafin a kai goro: gwajin jini na sikila. Kai ka yi naka can, ita ta yi nata a asibiti, a Yamai ma akwai cibiya ta ƙasa da aka keɓe don wannan ciwo. In ku biyun duka AS ne, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon kansa. Magana ce mai nauyi, amma kai mai ilimi ne, daga gare ka ya kamata ta fito, kuma ta fi sauƙi kafin manya su shiga.

Takardu. Fatihar liman ta halatta muku juna, amma ofishin jakadanci bai san ta ba. Sai an je ofishin magajin gari, meri, an yi rajistar auren an karɓi takarda. Doka ta yanka wa'adin yin haka, in ya wuce sai ta hanyar kotu, don haka Baffa ko waliyyi su tambaya a makon da aka ɗaura. Ka sa ido sosai a kan rubutun suna. Sunan matata an rubuta shi iri ɗaya a takardar haihuwa, wani iri a takardar makaranta, harafi ɗaya tak ya bambanta, gyaransa ya ci mana makonni. Takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardar aure, fasfo, duka su zama baki ɗaya, har sunan uba da ranar haihuwa. Fasfo a Yamai ake yi, ta fara nema da wuri. Ka kuma binciki irin takardar zaman da kake da ita: a Faransa mai takardar bincike da koyarwa yana iya kawo iyalinsa ta hanya mafi gajarta, saura kuwa sai sun cika wata 18 da zama kafin su nemi haɗa iyali. Mu mun yi namu kafin abubuwa su sauya. Daga Agustan 2023 Air France ta dakatar da zuwa Yamai, a Janairun 2024 kuma aka rufe ofishin jakadancin Faransa da ke can, don haka wanda zai yi yanzu ya tambayi inda ake karɓar takardun biza kafin ya yi wa kowa alkawarin wata.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da angwaye ke kauce wa: ina amarya za ta zauna bayan ka koma? Gidanku wurin Inna, gidan iyayenta, ko gidan haya da ƙanwarka? Ku yi maganar nan da ita kanta, ku biyu, kafin manya su yanke. Yarinya ta bar ɗakin uwarta, mijin da aka kawo ta dominsa ya tafi bayan mako huɗu, ba ƙaramin abu ba ne. Kada ka ce mata wata uku alhali ba ka da tabbas. Matata ta zauna wurin Inna, ta ci gaba da karatunta, kuma kuɗin hannunta ita nake aika wa kai tsaye, ba ya bi ta littafin Yaya. Iyayenta ma mun roƙe su su rage kayan ɗaki, tunda gado da kabad ba za su hau jirgi ba. Ba su yarda duka ba, kuma na fahimce su, ɗiyarsu ce.

Ka iso gida aƙalla kwana goma kafin biki. Katin rigakafin shawara ya kasance cikin fasfonka. Ka ga likita ya rubuta maka maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ka kwana cikin gidan sauro, domin jikin da ya daɗe a waje ya manta da shi. Ni na yi sakaci, na kwanta kwana uku ana saura mako guda. Daga Yamai zuwa Tawa kilomita 550 ne ko kusa da haka, ta Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni, yini guda a bas. Kwanakin farko na gaisuwa ne: kakanni, baffanni, gwaggwanni, malamin allonka, gidajen da aka yi rasuwa ba ka nan. Ka sa ƙanenka ya rubuta maka su tun kafin ka zo, ka bi su da ƙafarka gida-gida. Wajen komawa kuma ka bar Tawa kwana biyu kafin ranar jirginka, saboda a Agusta korama ɗaya in ta kawo tana iya tsayar da motoci har dare.