Yadda ake toshe maɓarnaci ba tare da an rufe wa jama'a zaure ba

Ranar da na fara toshe adireshin IP, wato lambar da na'ura ke fita intanet da ita, a shafin da muke rubutu tare irin na Wikipedia, da murna na kwanta. Wani ne ya addabe mu, yana goge maƙaloli yana cusa ashar, sai na ba adireshinsa wata uku. Washegari kafin azahar mutum biyu suka neme ni, wata ɗaliba daga Samaru da wani malami a Tudun Wada, kowa ya kasa gyara ko harafi ɗaya. Shi kuwa mai ɓarnar ya kashe data ya kunna, ya samu sabon adireshi, ya ci gaba. Har yau abin yana damuna, domin ɗalibar ba ta sake dawowa ba.

Ga inda matsalar take. Adiresoshin tsohon tsari, wato IPv4, kusan biliyan 4.3 ne kacal, sun yi wa duniya kaɗan. Shi ya sa kamfanonin waya ke tara ɗaruruwan mutane su fitar da su intanet ta adireshi ɗaya. Haka Wi-Fi na makaranta yake, haka na kafe. Ka ɗauki gidajenmu na cikin birnin Zazzau: zaure ɗaya, sassa goma. A farkon 2007 an yi ta maganar yadda Wikipedia ta Turanci ta toshe adireshi guda, ashe kusan duk masu intanet na ƙasar Katar ta furoksi ɗaya suke fitowa, wato na'urar da ke tsakaninsu da intanet, mai wannan adireshin.

Mataki na farko: san zauren waye

Kada ka taɓa maɓallin toshewa sai ka duba adireshin a Whois, wato shafin binciken mai adireshi. AFRINIC ce ke raba adiresoshin Afirka, kuma rajistarta za ta nuna maka mai shi. In ka ga MTN, Airtel ko Glo, ka ƙaddara na jama'a ne. Sannan ka buɗe tarihin gyare-gyaren adireshin. Idan da safe an gyara maƙala kan Sarauniya Amina da kyau, da yamma kuma an zuba zagi, to da wuya hannu ɗaya ne.

Mataki na biyu: tsare abin da yake hari

Yawancin maɓarnata suna da inda suka nufa: maƙalar wani ɗan siyasa, wani malami, ko garin da suke jin haushi. Ka sa wa shafin rabin kariya, yadda sai mai asusun da ya ɗan daɗe zai iya gyara shi. A yawancin shafukan Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia, kwana huɗu ne ma'aunin. Tun 2019 kuma manhajar MediaWiki, wadda waɗannan shafuka ke aiki da ita, ta zo da toshewar ɓangare, wadda ke hana adireshi taɓa wasu shafuka kawai, ta bar masa sauran. A ganina an fi raina wannan makami, alhali shi ya fi dacewa da irin layukanmu.

Mataki na uku: in yana da asusu, asusun za ka kama

Nan sai an yi hattara. A fom ɗin toshewa akwai akwatin toshewa ta atomatik. In ka bar shi da maki, manhajar za ta bi adireshin ƙarshe da ya yi amfani da shi, da duk wanda ya sake gwadawa, ta rufe na awa 24. A kan layin gida na mutum ɗaya, wannan alheri ne. A kan layin waya kuwa, mutumin zai yi ta tsalle daga adireshi zuwa adireshi yana barin kowanne a rufe, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su kwana a ciki. In ɓarnar ƙarama ce, cire makin. In mai buɗe asusu goma ne a dare ɗaya, bar shi, amma ka riƙa leƙa jerin waɗanda abin ya rutsa da su kana sakin su.

Mataki na huɗu: in ya zama dole a toshe adireshin

Ka toshe marasa asusu kaɗai, ka bar masu shiga da sunansu su wuce. Ka gajarta lokaci: awa biyu, awa shida, iyaka kwana ɗaya. Mai ɓarna don nishaɗi ba ya da haƙurin jira, kuma ko ya jira, adireshin ya riga ya koma hannun wani.

Sai batun hana buɗe sabon asusu, wanda shi ne mai wuyar hukunci. In ka hana, ka rufe wa sabon marubuci hanya. In ka bari, maɓarnacin zai iya buɗewa. Ni nakan bari da farko, sai na ga ya yi amfani da damar sannan in rufe. Ka kuma tambaya ko akwai taron horarwa a gari ranar. Ko babu toshewa, asusu shida kawai Wikimedia ke bari a buɗe daga adireshi ɗaya a awa 24, balle ka ƙara wa masu taron naka nauyin.

Toshe zango guda na adiresoshi kuwa, ka yi nesa da shi a layin waya. Zangon /16 adireshi 65,536 ne, kowanne da jama'arsa a baya. Sabon tsari na IPv6 ya fi sauƙi, domin a can zangon /64 yawanci na'ura ɗaya ce ko gida ɗaya.

Mataki na biyar: kama shi da halinsa

Adireshi yana sauyawa, amma kalmomin zaginsa da yadda yake rubuta su ba sa sauyawa. Ka tattara misalai, ka sa a rubuta masa ƙa'ida a matatar ɓarna, wato sashen manhajar da ke tantance kowane gyara kafin ya shiga. A fara kunna ta tana rubuta abin da ta kama kawai, na kwanaki, kafin a ba ta ikon hanawa. In kana zargin asusu da yawa na mutum ɗaya ne, kai wa masu izinin CheckUser, wato masu ikon ganin adireshin da ke bayan asusu, da wuri, don bayanan kwana 90 kawai ake ajiye su. Wasu furoksi suna turo ainihin adireshin mutum a saƙon X-Forwarded-For, amma ana iya ƙirƙirarsa, don haka sai na waɗanda aka amince da su ake karɓa.

Mataki na shida: bar wa marar laifi saƙo

Abin da ka rubuta a gurbin dalili shi wanda abin ya rutsa da shi zai karanta. Ka rubuta da Hausa, cikin ladabi: "Yi haƙuri, ba kai ake nufi ba. Wani mai layi irin naka ne ya yi ɓarna. Shiga da asusunka, ko ka yi magana a shafin tattaunawarka." Kada ka rufe masa shafin tattaunawar. Amintaccen edita da abin ke yawan shafa, ka ba shi izinin tsallake toshewar adireshi. Idan wa'adin ya cika, ka koma ka duba tarihin adireshin kafin ka yi tunanin sabuntawa.