Yadda ake ɗinka takalmin fata mai taushi da hannu

Asalin wannan ɗinki na 'yan asalin Arewacin Amurka ne, waɗanda suke yin sa da fatar barewa: fata ɗaya ce ke naɗe tafin ƙafa da gefenta. A wajenmu, fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme da bagaruwa ta dace da shi ƙwarai.

Da farko, sa mai takalmin ya tsaya a kan kwali, ka zana ƙafafunsa duka biyu, don da wuya su zo daidai. Da yamma ya fi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura.

Ƙara kamar santimita 3 a kewayen zanen, ka yanka. Ɗora shi a kan fata wajen gadon baya, ban da ciki, don can tana saki, ka yanke fatar ƙasan takalmin daidai da shi. Yanki kuma harshen da zai rufe saman ƙafa.

Huda ramuka da basilla. Nan ne aikin yake: yawan ramukan fatar ƙasa da na harshe su zama ɗaya, amma na ƙasa su fi tazara. Haka fatar za ta tattare a kan yatsu. Ɗan jiƙa bakinta, ka goga wa zare kakin zuma, ka fara daga tsakiyar yatsu, kana ja a hankali. Gaggawa ce ke karkata baki.

Kada ka rufe dunduniya sai mai takalmin ya gwada. Daga nan ka ɗinke ta, ka manna kirgi a ƙasa saboda ƙaya da tsakuwa, ka shafa man kaɗanya kaɗan.