Yadda ake haɗa wa rediyon mota mazauni a cikin ɗaki

Rediyon mota ba ya buƙatar mota kafin ya yi aiki, wutar da ta dace da shi kawai yake nema, wato bolt 12 irin ta batir. Wutar gida kuwa tana kai bolt 220 zuwa 240, don haka duk wanda ya jona shi kai tsaye a soket ya ƙone shi nan take. Cajar kwamfutar tafi-da-gidanka ma ba ta dace ba, domin yawancinsu bolt 19 suke bayarwa.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a sayi adafta mai bolt 12 wadda ƙarfinta ya kai amfiya 10, ko kuma a yi amfani da batirin sola mai bolt 12 idan akwai shi a gida, wanda a ganina ya fi, saboda ko an ɗauke wuta kiɗa ba zai tsaya ba. Akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur shi ma yana yi, amma sai an haɗa koriyar wayarsa da baƙa kafin ya tashi, sannan a ɗauki wuta daga rawaya. Jar wayar wannan akwati bolt 5 ce, kada a ruɗa ta da jar wayar rediyo.

A bayan rediyon, wayoyi uku ne suke ɗauke da dukkan maganar wuta. Baƙa ita ce ta ƙasa, wato wadda ake haɗawa da ɓangaren nagetif (−) na wutar, rawaya tana riƙe agogo da tashoshin da aka ajiye, ja kuma ita ce take samun wuta idan an murza makullin mota. Tun da babu makulli a ɗaki, sai a kai rawaya ga wuta kai tsaye, a sa wa ja ɗan makunni a tsakani, ta yadda za a kashe rediyon ba tare da ya manta tashoshinsa ba. Lalle ne a sa fis mai amfiya 10 kusa da tushen wutar, musamman idan batir ne, domin wayoyi biyu da suka haɗu bisa kuskure suna iya tayar da gobara.

Wayoyin lasifika bibbiyu suke zuwa: fari da ruwan toka na gaba, kore da shunayya na baya, kuma mai zanen baƙi a kowane launi ita ce nagetif (−). A nemi lasifika mai om 4, wato wadda aka rubuta 4Ω a jikinta. Kada a haɗa wayar nagetif ta lasifika da baƙar wayar wuta ko da jikin ƙarfe, saboda hakan yana lalata amfilifayar ciki, wato sashen da yake ƙara ƙarfin sauti. Wayoyin da ba a yi amfani da su ba a naɗe bakin kowace da tef, daban-daban.

Akwatin da za a sa rediyon a ciki aikin kafinta ne, ba ya da wuya. Ramin gaba ya zama faɗin milimita 180 da tsayin 50 ga ƙaramin rediyo, ko tsayin 100 ga mai allo, a ƙara 'yar rara domin ƙarfen da yake riƙe shi ya shiga. A bar bayan akwatin a buɗe ko a huda ramuka, domin rediyon yana zafi sosai idan an ƙure murya. Eriya kuwa, waya mai tsawon kimanin santimita 75 da aka soka a tsakiyar ramin eriya ta isa kama tashoshin FM na cikin gari.