Yadda ake kai kaya da neman biza daga Turkiyya zuwa Tarayyar Turai

Ɗan kasuwar da ke zaune a Istanbul, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo irin mutanenmu da suka saba saro tufafi a Laleli da Merter, idan ya yi niyyar faɗaɗa harkarsa zuwa Jamus ko Italiya, wajibi ne ya sani cewa dokar da ke tafiyar da kayansa daban take da wadda ke tafiyar da shi kansa. Turkiyya ta samu matsayin mai neman shiga Tarayyar Turai a 1999, aka buɗe tattaunawa a watan Oktoban 2005, amma a 2018 majalisar ministocin Tarayyar ta bayyana cewa maganar ta cije. Duk da haka ciniki bai tsaya ba, domin a 2023 ya haura yuro biliyan 200. Kaya na tsallakawa cikin sauƙi, mai kayan kuwa sai ya bi layin biza, don haka kowanne shirinsa daban ake yi.

A fara da tantance irin kayan. Yarjejeniyar haɗin kwastam da ta fara aiki a ƙarshen 1995 ta ɗauke kuɗin fito a kan kayan masana'antu, wato su tufafi da takalma da kujeru da injuna da kayan gyaran mota, ta kuma shafi abincin da aka sarrafa kamar alewa da biskit, ko da yake waɗannan akan caji wani kaso a kan sinadaran gona da ke cikinsu. Ɗanyen amfanin gona ba ya ciki, haka nan kwal da wasu nau'o'in ƙarfe, kowannensu da tasa yarjejeniyar. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a sa ejan kwastam ya fitar da lambar da aka yi wa kayan rajista da ita a jadawalin haraji tun kafin a yanke farashi da mai saye, saboda lambar ce ke nuna takardar da za a nema.

Idan kayan masana'antu ne, takardar ita ce A.TR. Ana samunta ta hannun ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta masu fitar da kaya, kwastam na Turkiyya su tabbatar da ita, sannan a gabatar da ita ga kwastam na ƙasar da za a shiga cikin wata huɗu da bayar da ita. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin A.TR ba ta faɗin inda aka ƙera kaya. Abin da take shaidawa kawai shi ne kayan sun cika sharuɗɗan kwastam a Turkiyya, suna yawo a kasuwarta ba tare da wani bashin haraji ba. Saboda haka kayan Sin da aka biya musu fito a Turkiyya suna iya samun A.TR, amma idan Tarayyar ta ɗora wa irinsu harajin hana karya farashi, asalinsu za a duba, kuma sai an biya. Mai hankali yakan riƙe takardar shaidar asalin kaya tare da A.TR ko da ba a tambaye shi ba.

Amfanin gona da kwal da ƙarfen da aka ware, su kuma EUR.1 ake nema musu, wadda ke tabbatar da cewa asalinsu na Turkiyya ne. Wannan ya shafi masu kai riɗi daga arewacin Najeriya zuwa tashar Mersin: saukar da buhunan a Turkiyya bai mayar da riɗin ɗan Turkiyya ba, kuma idan aka sake tura shi Turai, binciken lafiyar abinci da ake yi wa riɗin Najeriya shi za a yi masa.

Rashin kuɗin fito ba ya nufin kayan za su shiga kyauta. Mai karɓa a can dole ya mallaki lambar EORI, wato lambar rajistar 'yan kasuwa a wurin kwastam na Tarayyar, ya biya harajin VAT na ƙasarsa, kuma kayan su dace da ƙa'idojin Tarayyar. Kayan lantarki da na wasan yara sai da tambarin CE, alamar da ke nuna sun cika ƙa'idojin Tarayyar. Riga kuwa, ɗan ƙyallen nan da ake ɗinkawa a wuya ko a gefe dole ya nuna adadin auduga da sauran zaren da ke cikinta a harshen ƙasar da za a sayar. A lissafa da jinkirin hanya ma, domin tireloli kan yi dogon layi a iyakar Kapikule ta shiga Bulgeriya, shi ya sa wasu suka gwammace su ɗora tirelar a jirgin ruwa zuwa Trieste ta Italiya.

Batun biza ya fi ɗaci. A cikin ƙasashen da ke da matsayin masu neman shiga, Turkiyya ce kaɗai 'yan ƙasarta ke neman biza kafin su shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake yawo a tsakaninsu da biza ɗaya, alhali Sabiya ta samu sassauci tun 2009, Yukiren da Jojiya kuma a 2017. An fara tattaunawar janye bizar a watan Disamban 2013 bisa sharuɗɗa 72, aka sake ɗaukar alkawari a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Maris 2016, amma sharuɗɗa shida suka rage, mafi wuyarsu gyaran dokar yaƙi da ta'addanci. A ganina kada ɗan kasuwa ya gina lissafinsa a kan labarin cewa an kusa janyewa, an daɗe ana jin wannan.

Baƙo kuma ya sani cewa bizar Turkiyya, ko katin izinin zama da ake kira ikamet, ba ya shigar da kowa Girka ko Bulgeriya. Amfanin katin shi ne yana ba mai shi damar neman biza daga Turkiyya, tunda ƙa'ida ita ce mutum ya nema a ƙasar da yake zaune bisa doka. Wanda ya zo sari na mako biyu, daga gida zai nema. Ko da an janye wa Turkawa biza gobe, mai fasfon Najeriya ko Nijar ba ya cikin rabon.

Ana miƙa takardun neman bizar Shengen ga ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, daga wata shida zuwa kwana 15 kafin tafiya, kuma tun watan Yunin 2024 kuɗin babban mutum yuro 90 ne, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar barin yankin Shengen da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba, inshorar lafiya kuma ta kai yuro 30,000. Ga mai tafiyar kasuwanci, abin da ya fi nauyi shi ne wasiƙar gayyata daga kamfanin da za a ziyarta, da rajistar kamfaninsa, da bayanan banki masu nuna shige da ficen kuɗi na watanni. Kuɗin da aka zuba a asusu dare ɗaya zargi yake jawowa. A haɗa da kwafin A.TR da takardun cinikin baya, domin su ne ke nuna cewa huldar ta gaske ce. Amsa kan fito cikin kwana 15, tana iya kaiwa 45, amma samun ranar ganawar ne ke cin lokaci, don haka a nemi ranar tun kafin a sa hannu a kan ranar kai kaya ko a biya kuɗin rumfa a baje koli. Idan bizar ta fito, ba a wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ana haɗa kwanakin duk ƙasashen Shengen ne wuri ɗaya a ƙirga.