Matakan Lissafin Ruwan da ke Shiga da Fita daga Madatsa

Ɗalibai a Jos sun sha tambayata yadda ake wannan lissafi a madatsa irin ta Lamingo. Ga matakan a jere.

1. Zaɓi wata guda, misali Agusta.
2. Nemo faɗin saman ruwan da murabba'in kilomita.
3. Tattara milimitar ruwan saman da aka auna a watan.
4. Mayar da ita kubik mita: milimita 1 a kan murabba'in kilomita 1 tana ba da kubik mita 1,000. A yi hattara, a nan ne akasari ake tuntuɓe da sifili.
5. Ƙara ruwan da rafuka suka kawo.
6. Ninka abin da ya ƙafe a kwanon awo (kwanon ƙarfe mai ruwa da ake auna ƙafewa da shi) da 0.7, domin kwanon ƙarfe ya fi madatsa saurin ɗaukar zafi, kuma wanda ya tsallake wannan zai zuzuta asarar, musamman da hunturu.
7. Mayar da ruwan da ya ƙafe kubik mita kamar a mataki na 4, sannan a haɗa shi da ruwan da aka ja zuwa famfo da wanda ya malala.
8. Debe jimillar fita daga jimillar shiga.
9. Gwada sakamakon da sauyin da ma'aunin bango (mai nuna tsayin ruwa a jikin bangon madatsa) ya nuna, bayan an mayar da sauyin kubik mita. Giɓin da ya rage yawanci ruwan da ƙasa ta tsotse ne, ko kuskuren awo.