Yadda ake sauya aikon ɗin fuskar kwamfuta da waɗanda ake saukewa kyauta

Duk wanda ya tara folda goma sha biyar a fuskar kwamfutarsa, kowacce ruwan ɗorawa iri ɗaya, ya san wahalar neman guda ɗaya a cikinsu idan ana sauri. Ido ya fi saurin gane launi da siffa fiye da karanta suna. Shi ya sa nake sauya aikon, wato ƙananan hotunan nan da ke wakiltar folda ko manhaja. Akwai kwalliya a ciki, ba na musu, amma babbar ribar ita ce hannunka ya riƙa zuwa inda kake so ba tare da lalube ba. Bayanin nan na Windows 10 da 11 ne.

Kafin ka sauke komai, fara tanadar wa aikon ɗin gida. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke jawo ciwon kai daga baya. Windows ba ta kwafe hoton ta manna a jikin folda, adireshin inda fayil ɗin yake kawai take riƙewa. Ni kaina na taɓa barin nawa a cikin Downloads, na ɓata yamma guda ina shirya fuskar kwamfuta tsaf. Bayan wata biyu na zo sharar fayilolin da suka taru, na haɗa da su ban sani ba. Da na sake kunna na'urar, gajerun hanyoyina, wato aikon ɗin da nake dannawa don buɗe manhajoji, duk sun koma fararen takardu marasa fuska. Saboda haka buɗe sabuwar folda a wurin da ba ka taɓawa, misali C:\Icons, ka ƙuduri niyyar ba za ka matsar da ita ko ka sauya mata suna ba.

Daga nan sai neman aikon. Shafuka irin su IconArchive da Icons8 da Flaticon suna da tarin da ake saukewa kyauta, akwai kuma masu zane da ke saka nasu a DeviantArt. Zaɓi jeri guda daga hannun mai zane ɗaya, domin idan ka tsinto daga nan da can, fuskar kwamfutar za ta zama dambu-dambu, wani mai inuwa wani shimfiɗaɗɗe. Ka kuma duba sharaɗin amfani. Da yawa kyauta ne don amfanin kanka kaɗai, wasu kuma suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons da ke buƙatar a ambaci mai zanen idan za a saka su a shafin intanet ko wani aiki na kasuwanci.

Abin da za ka nema shi ne fayil mai ƙarewa da .ico, domin shi Windows take karɓa. Fayil ɗin .ico mai kyau yana ɗauke da hoto ɗaya a girma daban-daban, ana auna su da pixel, wato ƙananan ɗigon allo: 16 da 32 da 48 har 256, wanda aka fara amfani da shi tun zamanin Windows Vista. Idan mai girman 32 kaɗai ke ciki, zai yi kyau yana ƙarami, amma da ka faɗaɗa shi sai ya dushe. Idan PNG kawai ka samu, kada ka sauya masa suna zuwa .ico ka ɗauka an gama, cikinsa bai canza ba. Buɗe shi a GIMP, manhajar gyaran hoto wadda ita ma kyauta ce, ka fitar da shi a matsayin .ico. Hoton ya kasance murabba'i, bayansa kuma fayau ba launi, in ba haka ba za ka ga farin akwati kewaye da shi.

Yawanci jerin yana zuwa a ƙunshe cikin fayil ɗin ZIP. Warware shi, ka kwashe aikon ɗin zuwa gidan da ka tanada. Amma idan abin da ya sauko .exe ne yana cewa zai sauya maka komai a danna ɗaya, ka dakata. Irin waɗannan sukan taɓa fayilolin tsarin Windows kansu, wasu kuma ƙwayar cuta ce a ɓoye. Hoto ba ya buƙatar a girka shi.

Yanzu ga aikin kansa. Don folda, danna ta da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties, ka shiga Customize, ka danna Change Icon. Wata 'yar taga za ta buɗe da aikon ɗin Windows na asali. Danna Browse, ka je gidan aikon ɗinka, ka zaɓi wanda kake so, sai OK, sai Apply. A ɓoye, Windows za ta ajiye wani ɗan fayil mai suna desktop.ini a cikin foldar, a nan take rubuta adireshin hoton. Idan wata rana ka ci karo da shi, bar shi, share shi zai iya mayar da foldar yadda take da.

Gajeriyar hanya ta manhaja, wato mai 'yar kibiya a kusurwar ƙasa, kusan haka take, sai dai Change Icon ɗinta yana ƙarƙashin Shortcut. Idan ka riga ka maƙala manhajar a sandar ƙasan allo, wato taskbar, cire ta ka sake maƙalawa daga gajeriyar hanyar da ka gyara.

This PC da kwandon shara su kuma ƙofarsu daban. Shiga Settings, sai Personalization, sai Themes, ka nemo Desktop icon settings. Za ka lura kwandon shara yana da aikon biyu, na lokacin da yake cike da na lokacin da babu komai, don haka ka samo masa hotuna biyu masu kama da juna. A ƙasan tagar akwai akwatin da ke cewa Allow themes to change desktop icons. Cire alamar da ke kansa, in ba haka ba ranar da ka sauya jigon Windows, wato theme, aikinka ya bi ruwa.

Wani lokaci ka gama komai daidai amma tsohon hoton ya ƙi tafiya. Windows tana ajiye kwafin aikon a ma'ajiyar wucin gadi don saurin nunawa. Danna F5 a fuskar kwamfutar tukuna. Idan ya ƙi, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ie4uinit.exe -show, ka danna Enter, ko kuma ka kashe na'urar ka kunna.

Mai kwamfutar Mac nasa ya fi sauƙi: ya kwafi hoton, ya zaɓi foldar, ya danna Command da I, ya taɓa ƙaramin aikon da ke sama ta hagu, ya manna. A Linux kuwa jeri guda kamar Papirus yana sauya dukkan aikon ɗin tsarin lokaci ɗaya.

Idan kuma sabon salon ya gundure ka, a tagar Change Icon ta folda akwai Restore Defaults, akwai makamancinsa a Desktop icon settings. Fara mayar da kowanne yadda yake kafin ka share gidan aikon ɗin.