Kurakuran da ke cinye mutane a manyan teburan poka

Na jima ina bin wasan kartar nan na poka na tsabar kuɗi da ake haskowa kai tsaye daga gidajen caca na Amurka a YouTube, musamman na Hustler Casino da ke kusa da Los Anjalas, kuma wallahi abin da ke damuna shi ne kurakurai iri ɗaya ne ake ta maimaitawa. Caca ce dai, kowa ya san hukuncinta a addini kuma ba na kiran kowa zuwa gare ta, amma yadda mutum ke yanke shawara in kuɗi sun taru abin a duba ne.

Babban kuskuren shi ne mutum ya ce ai na riga na zuba da yawa ba zan iya ajiye karta ba. Malam kuɗin da suka shiga tsakiyar tebur sun bar aljihunka, abin tambaya kawai shi ne nawa zan ƙara kuma nawa zan kwasa. Misali akwai dala 1,000 a tsakiya, abokin karawa ya ƙara 1,000, saura karta ɗaya a buɗe, kai kuma kana jiran ta biyar mai zane iri ɗaya da huɗun da kake da su. Karta 9 ne cikin 46 za su fisshe ka, wato kusan kashi 20 cikin 100, alhali biyan 1,000 don kwasar 3,000 yana buƙatar ka ci sau ɗaya cikin uku. Lissafi bai kai ba, toh ajiye, ko da zuciya na ce maka yanzu za ta fito. Sai dai in ka tabbata zai ƙara biyanka da yawa in ta fito ɗin.

Sai soyayya da A biyu, wato hannun farawa mafi ƙarfi a wasan. Kafin a buɗe komai suna doke K biyu, masu bi musu a ƙarfi, kusan kashi 82 cikin 100, gaskiya ne, amma bayan karta biyar na tsakiya da kowa ke haɗawa da nasa sun sauka kuma wani dattijo da ya yi awa uku bai motsa ba ya turo duk abin da ke gabansa, A biyun nan fa biyu ne kawai. Ka dubi wanda ya turo kuɗin kafin ka dubi hannunka.

Shi ya sa nake yawan komawa hannun nan na watan Mayun 2023, tsakanin 'yan wasa biyu, Tom Dwan da Wesley Fei, kusan dala miliyan 3.1 a tsakiya. Wesley na riƙe da A da K bai haɗa komai ba ya tura duka, burga ce zalla, Dwan na da Q biyu ya zauna na mintuna yana ta juya abin a kai, yana bin yadda aka yi ta zuba kuɗin tun daga farko, sannan ya biya ya kwashe. Mutane da yawa sun ɗauki darasin a baibai, suka koma biyan kowace burga. Abin koyi a wurin shi ne natsuwar da tambayar wane hannu ne zai bi wannan hanyar, kuma tun kafin ka ƙara kuɗi a farko ka duba nawa ne a gaban ɗayan ka san me za ka yi in ya turo duka.

Ramuwa kuma ita ce ta fi ba ni tausayi. An cinye mutum a hannu ɗaya, ka ga hannunsa na rawa yana ciro wasu kuɗin ya zauna da zafin zuciya. Wannan ba gasa ba ce da sai an fitar da kai, kana iya tashi duk lokacin da ka so. Ka yanke adadin da in ya tafi ka tashi tun kana gida, kuma in kuɗin haya ne ko na makarantar yara ko bashi, kar ma su kusanci teburin.